Aikin ƙafa da sandar ƙarfafa jiki a tsohuwar Peugeot 406: sharhi kan wani gareji a Kurmin Mashi

Motar da nake hawa Peugeot 406 ce, harhaɗar kamfanin PAN na Kakuri, kuma duk da yawan shekarunta injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya kai ni gareji matsalar ƙafa ce. Tun daminar bara motar ta fara wani lilo da ban san ta da shi ba: idan na shiga shataletale sai ta kwanta gefe ɗaya kamar kwale-kwalen da aka jibge wa kaya a ɓangare guda, idan na taka birki sai hancinta ya duƙa, a hanyar Zariya kuwa da zarar na kusa kilomita 90 a awa sai in kama gyaran sitiyari hagu da dama domin ta tsaya a layinta. Wannan sharhi ne a kan garejin da ya yi mini aikin, wanda ke gefen titin Nnamdi Azikiwe, wato baifas, ta wajen Kurmin Mashi a Kaduna.

Kafin a fahimci aikin sai an san yadda aka gina motar. Peugeot ta fito da 406 a 1995 domin ta maye gurbin 405, kuma abin da ya fi jawo mata suna shi ne laushin tafiya tare da riƙe hanya. A gaba, shokazoba da sifirin haɗe suke wuri guda kamar ginshiƙi, tsarin da ake kira MacPherson, kuma kan wannan ginshiƙi yana ɗaure ne a jikin motar, a wasu tudu biyu da ake gani hagu da dama idan an buɗe bonet. A baya kuwa kowace taya tana riƙe da hannuwa da yawa, kowane hannu da bushin ɗinsa na roba. Ba ta da casis na daban irin na Hilux. Gangar jikin ita ce casis ɗin. Saboda haka idan irin wannan mota ta tsufa, ba kasafai abu ɗaya ke mutuwa ba, sai dai roba goma sha wani abu kowace ta saki kaɗan, har sakin ya taru ya zama lilon da direba ke ji a hannunsa.

Na je garejin da shirina a kai. Na riga na kalli bidiyoyin masu gyaran motocin tsere, na ƙudurta cewa abin da nake bukata shi ne sandar ƙarfe da ke haɗa kawunan shokazoba biyu na gaba, da kuma gajerun sifirin da za su sauke motar ƙasa. Maigidan garejin, dattijo ne da ya ce a kan 504 ya koyi aiki, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Daga nan ya je kusurwar gaba ta dama ya danna motar da ƙarfinsa ya saki, sai ta yi sama da ƙasa sau uku kafin ta tsaya, alhali mai lafiya sau ɗaya take tasowa ta nutsu. Ya sa aka hau da ita kan rami, ya kira ni na sauka tare da shi, ya zura ƙarfe a gindin lowa'am (hannun ƙasa da ke riƙe tayar gaba) ya ɗan banƙara. Da idona na ga hannun yana motsi cikin bushin da ya tsattsage kamar ƙafar da kaushi ya cinye, ga kuma jikin shokazoba ya yi damshin mai, ƙura ta manne masa ta zama baƙin laka. Ya ce da ni: "Malam, idan na ɗaura maka sanda a kan wannan ƙafar, kuɗinka kawai zan ci. Bari mu fara da abin da ya mutu." Wannan magana ita ce babban dalilin da ya sa nake ganin garejin ya cancanci a rubuta a kansa, domin sandar ita ce aikin da ya fi sauƙi a wurinsa, ga shi ni da kaina na zo ina roƙon a sayar mini.

Wajen sayen kaya bai karɓi kuɗi ya tura yaro ba, tare muka je Ori Apata, kasuwar kayan gyaran mota. Shawarar da ya bayar ita ce kada a sayi shokazoba na Beljiyam, domin ba a iya gane nisan tafiyar da ya yi ta hanyar kallo, kuma akwai masu cika wa matacce mai su fesa masa fenti ya fito kamar sabo. Mun sayi sababbi guda huɗu na KYB masu gas, bayan ya juya kwalin ya duba lamba ya kuma gwada ta da wadda aka buga a jikin ƙarfen. Mutane da yawa suna zaton shokazoba ne ke ɗauke da nauyin mota, amma sifirin ne ke ɗauka. Aikin shokazoba shi ne kashe lilon sifirin ta hanyar tilasta wa mai ya bi ta ƙananan kafofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Gas ɗin da ke ciki, wanda naitirojin ne, yana hana man yin kumfa idan ya yi zafi a doguwar hanya mai gargada, domin man da ya yi kumfa ba ya riƙe komai. Shi ya sa kuma ake canza su biyu-biyu, hagu da dama, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi.

A kan bushin mun ɗan yi jayayya. Ni na so na foliyuretan, mai tauri, wanda masu tsere ke sawa. Shi kuma ya nace a kan roba mai kyau irin ta asali, yana cewa mai taurin zai kai mini kowane rami na cikin unguwa har cikin ƙashin baya, kuma idan man shafawarsa ya bushe da ƙurar hunturu sai ya kama kuka. Na bi tasa, ban kuma yi da-na-sani ba. Abin da ya ƙi ko da jin sunansa shi ne bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya, wanda ya kira gyaran gangar Auzinawa. An canza lowa'am biyu da boljoyin ɗinsu, da kawunan tayarod, da linkej na sitabilaiza (ƙarfen da ke rage kwanciyar mota a kwana), da robobin saman shokazoba, da bushin na hannuwan baya. Gajerun sifirin kuwa maganarsu ba ta daɗe ba: ya tambaye ni tudun rage gudu nawa nake tsallakewa daga gida zuwa wurin aiki, na fara ƙirga na bari. Ya auna tsayin motar daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin fenda, ya tarar bayan hagu ya sauka da kusan santimita 2, aka sa sababbin sifirin biyu na baya masu tsayin asali.

A nan ne aka yi kuskure na farko. Ƙa'ida ita ce ba a ƙarasa ɗaure notin bushin sai nauyin mota yana kan tayoyinta, domin idan aka ɗaure tana rataye a kan jak, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba ta kuma daɗewa take yagewa. Ranar da aka haɗa bayan, maigidan ya fita, yaransa suka ɗaure komai motar tana sama. Da ya dawo washegari ya tambaya aka gaya masa, sai ya sa aka kwance aka sake ɗaurewa a kan rami. Ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma da bai tambaya ba da shi ke nan, kuma wannan ya nuna cewa ingancin garejin yana rataye ne a kan kasancewar mutum ɗaya.

Garejin ba shi da na'urar alaimen, wato ta daidaita tsayuwar tayoyi, don haka sai da na kai motar wani wuri inda kwamfuta ke auna ƙafafu huɗu. A can ne aka nuna mini lambobi huɗu da ke gefen tayoyina na baya, 2318, ma'ana an yi su a mako na 23 na shekarar 2018. Zanensu bai cinye ba, amma robar ta bushe ta yi tauri. Na sayi sababbi masu girman 195/65 R15, kuɗin da bai shiga lissafina ba tun farko.

Maigidan ya ce in hau motar mako biyu kafin a taɓa maganar sanda, domin in iya bambance abin da kowane aiki ya kawo. Bambancin da na ji a waɗannan makonni babba ne. Hancin ya daina duƙawa, ƙwanƙwasar da nake ji a kan gargada ta ɓace, a lanƙwasar gadar Kawo motar tana kwantawa kaɗan ta tsaya a nan maimakon ta ci gaba da rinjaya, a hanyar Zariya kuma na iya riƙe sitiyari ba tare da kokawa ba. A ganina mafi yawan abin da nake nema na same shi tun a wannan mataki.

Sandar an ƙera ta ne a tsohuwar Panteka, wajen wani mai walda da garejin ke aiki da shi, daga bututun ƙarfe mai kauri da faranti biyu da ke zama a ƙarƙashin notocin saman shokazoba. Hikimar abin ita ce idan mota ta shiga kwana, ƙarfin da ke tura taya yana hawowa ta ginshiƙin har zuwa tudun da yake ɗaure, tudun ya ɗan karkata, tsayuwar taya a kan kwalta ta ɗan canza. Sandar tana sa tudun biyu su raba nauyin tsakaninsu. Ta farko da aka kawo ba ta yi ba, domin an yi awon a gaggauce, da aka rufe bonet sai ya zauna a kanta, har ta goge fentin ciki. Sai da aka koma aka sake lanƙwasa wata, abin da ya ci ƙarin kwana huɗu. Na yaba da abu biyu a ta biyun: an yi ta ƙarfe ɗaya ba mai gaɓa ba, domin gaɓa tana cinye taurin da ake nema, kuma da noti aka ɗaura ta ba a yi mata walda a jikin mota ba, saboda haka ana iya cire ta idan za a yi aikin inji.

Amfaninta yana nan, amma ƙarami ne. Sitiyari yana amsawa da ɗan sauri a farkon kwana, kuma wani ƙaran roba da dashbod ke yi idan taya ɗaya ta hau tudu ya ragu. Wanda ke tafiyar gida zuwa kasuwa a kilomita 40 ba lallai ya lura ba. Akwai kuma abin da maigidan ya faɗa mini tun kafin a ɗaura: idan aka bugi motar ta gefe ɗaya a gaba, sandar tana iya kai bugun zuwa ɗaya gefen, ɓarna ta zama biyu. Ya kuma duba gindin tudun biyu da kurosmemba (ƙarfen da ke giciye a ƙarƙashin gaban mota) ya tabbatar babu tsatsa ko tsohuwar waldar haɗari, yana cewa ba ya ɗaura sanda a jikin da ya ruɓe. Na tambaye shi ko za a ƙara kaurin sitabilaiza, ya hana. Daga baya na fahimci dalili: taurin wannan ƙarfe yana ƙaruwa ne daidai da kaurinsa idan an ninka shi da kansa sau huɗu, ta yadda daga milimita 20 zuwa 22 taurin ke ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari, kuma idan aka taurara na gaba kaɗai a motar da ke ja da tayoyin gaba, sai ta ƙara son miƙewa a kwana maimakon juyawa.

Ta fuskar kuɗi, kaya ne suka cinye mafi yawa, musamman shokazoba da tayoyi. Ladan aiki bai yi tsada ba, sandar kuma ita ce mafi araha a cikin duka. Ta fuskar lokaci kuwa an yi mini alkawarin kwana uku, aikin ƙafa ya kai kwana shida. Ba a ba da rasit sai da na nema, aka rubuta mini a takardar littafin makaranta, kuma babu wurin zama sai benci ɗaya a ƙarƙashin darbejiya. Mai tsohuwar 406, ko wata mota mai irin wannan ƙafar gaba, wanda jikin motarsa bai ruɓe ba, zan ce ya je, amma ya tabbatar maigidan yana nan ranar haɗawa, ya kuma tanadi kuɗin alaimen da na taya a gefe. An ce in dawo bayan wata ɗaya a sake bin notocin sandar da na ƙafa. Na koma, aka samu ɗaya daga na gefen direba ya ɗan saki, aka ɗaure shi, ba a karɓi ko sisi ba.