Simulans da sechellia, ko melanogaster da simulans?

Ƙanwata, kin tambaye ni waɗanne jinsuna biyu na ƙudan 'ya'yan itace (Drosophila) za ki saya don barbara. Tunda gadon maiƙon jikin ƙudajen kike son bi, ki sayi simulans da sechellia.

Su nake kiwo a ɗakin gwajinmu, kuma ban manta ranar da na fara wanke su ba. Na jiƙa matan sechellia biyar a ɗan heksen, ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, na sa ruwan a na'urar GC mai rarrabe sinadarai, sai ga layin sinadarin maiƙo 7,11-heptacosadiene ya miƙe tsaye kamar mashi a zanen sakamakon. Matan simulans kuwa babu shi, wani sinadarin maiƙo, 7-tricosene, ne ya cika jikinsu, irin na mazansu. Daga baya na cusa matan simulans kaɗan cikin kwalbar matan sechellia, suka yi ta gugar juna har maiƙon ya shafe su. Da na kai su gaban mazansu, yawancin mazan ko fiffike ba su kaɗa musu ba, alhali da kaɗa fiffike namiji ke neman mace. Na daɗe a zaune ina kallon ikon Allah.

Babbar ribar ita ce in kin haɗa su barbara, 'ya'ya matan suna haihuwa, mazan ne kawai ba sa yi. Sai ki mayar da matan kan jinsin iyayensu, ki bi sawun bambancin zuriya bayan zuriya. Ta haka Jerry Coyne da abokan aikinsa suka nuna a 1994 cewa yawancin bambancin maiƙon yana kan kuromosom na 3, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta. Can ne ƙwayar halittar desatF, mai taimakawa wajen haɗa 7,11-heptacosadiene, take, wadda ke aiki a jikin matan sechellia, ta yi shiru a simulans. Sai dai sechellia 'yar lallaɓa ce, da 'ya'yan itacen noni ta saba a tsibiran Seychelles, kuma ƙwanta kaɗan ne. Kada ki dogara da kwalba ɗaya.

Melanogaster da simulans kuwa na saya na yi nadama. Kayan binciken gado na melanogaster sun fi yawa, ban musa ba, amma 'ya'yan haɗin ba sa haihuwa, zuriya ɗaya aiki ya tsaya.

Ki yi hattara da masu sayarwa. Wani ya taɓa turo min kwalba da sunan sechellia, ashe simulans ta gauraye ta har ta rinjaye, sai da na yi asarar wata uku kafin na gane. Da ido ba ki rabe matansu. Ranar da kaya suka iso ki sa mazan ƙarƙashin maikuroskof ki duba al'aurarsu: ta simulans tana da faffaɗan kunne, ta sechellia siriri. Ki wanke mata kaɗan ki gwada kafin ki fara barbara.