Wata shida da Linux Mint a kan tsohuwar kwamfutata

Kwamfutata HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu na saye ta shekara huɗu da suka wuce, kuma ban da batir da na canja mata sau ɗaya, ba ta taɓa kwana a shagon mai gyara ba. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, da ita nake haɗa sakamakonsu a ƙarshen zango. Shi ya sa da na ji cewa daga 14 ga Oktoba, 2025 Windows 10 ba zai ƙara samun gyaran tsaro na kyauta ba, abin ya tsaya mini a rai.

Na sa manhajar PC Health Check ta duba ko za ta ɗauki Windows 11. RAM ɗinta gigabait 8 ne alhali 4 ake nema, ma'ajiyarta ma ta zarce gigabait 64 da aka gindaya. Firosesa ne ya kawo cikas: nawa Intel ne zubi na 6, shi kuwa Windows 11 daga zubi na 8 yake fara karɓa, ban da sharaɗin TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta.

Wani mai gyara ya ce da ni, "Malam, kawo ta mu ɗora mata ta bayan fage, kowa haka yake yi." Na ƙi, domin Microsoft da kansu sun ce ba su lamunce wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. A lokacin akwai kuma ƙarin wa'adin gyaran tsaron Windows 10 na dala 30, amma iyakarsa 13 ga Oktoba, 2026, sai a sake komawa gidan jiya.

Ɗan 'yar'uwata da ke karatun kwamfuta ne ya zo mini da filashi. "Kawu, gwada wannan tukuna, ba sai mun goge komai ba." Daga kan filashin muka kunna Linux Mint 22, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ake amfani da shi a madadin Windows, na yi ta latse-latse har la'asar. Wayfai ya kama, sauti ya fito, maɓallin fara aiki yana nan a ƙasa ta hagu inda hannuna ya saba zuwa. Washegari muka kwashe fayilolina, muka ɗora shi gaba ɗaya.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne sha'anin sabuntawa. Wata 'yar alamar garkuwa ce ke bayyana a kusurwa, in na buɗe sai in ga jerin abubuwan da za a sauke da nauyinsu, in bari sai dare lokacin da nake da isasshen data. Wanda ke haɗa kwamfuta da wayarsa ya san darajar wannan. Na kuma tarar da tsarin madannai na Hausa a ciki, ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba tare da na je neman su ba. Fankar da a da take huci kamar ta tashi sama, yanzu da ƙyar nake jin motsinta.

Sai dai akwai inda na sha wahala. Babu Word a nan, LibreOffice ne a madadinsa, kuma makon farko da na kai takardar lissafi shagon buga takardu, jadawalin da na tsara ya karkace a kwamfutarsu, tambaya ta 7 ta tsallaka shafi na gaba. Tun daga ranar sai na mayar da takarda PDF kafin in fita da ita, ban sake ganin matsalar ba. Tsohuwar firintar makarantarmu ma sai da yaron nan ya yini a kanta kafin ta yarda. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop kuwa, ba zan ce ya bi ni ba, don ba a yi su domin Linux ba.

Ga mai buga takardu da shiga intanet irina, na gamsu. Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, na rubuta shekarar a 'yar takarda na manna a ƙasan kwamfutar. Kuɗin da na fara tarawa don sayen sabuwa, da su na biya wa yara kuɗin makaranta na wannan zangon.