Kunna ƙwan fitilar mota da wutar gida: taransifoma za ka saya ko fawa saflai?

Maƙocina mai shayi ne nan bakin layinmu a Tudun Wada, ya je Panteka, kasuwar tsofaffin kaya ta Kaduna, ya samo fitilar gaba ta wata tsohuwar mota da gilashinta da komai, wai rataye ta zai yi ta haska masa benci da teburin burodi. Sai ga shi da ita a leda yana cewa Malam wace waya zan sa a soket? Na ce Alhaji dan Allah tsaya, in ka jona wannan kai tsaye kafin ka ƙifta ido ƙwan ya tafi, wataƙila ma ya fashe maka a fuska. Wutar gida a nan 230V ce, ƙwan mota kuma 12V aka yi shi, wato kusan ninki 19 kenan. Dole a sa wani abu a tsakani da zai sauke wutar, toh wajen sayen wannan abun ne mutane ke asarar kuɗi.

Kafin ka shiga kasuwa juya gindin ƙwan ka karanta. In H4 ne, mai ƙafa uku, za ka ga 12V 60/55W, zare biyu ne a ciki, na dogon haske 60W na gajere 55W. In H7 ne ƙafa biyu zare ɗaya, 55W. Raba 60 da 12 ya ba ka 5, wato amfiya 5 ƙwan yake ja. Wannan 5A ɗin ka riƙe shi a kai, dan kowa 12V yake dubawa a jikin adafta ya ce ai ta yi, ba ya kallon ɗan rubutun da ke gefe. Adaftar dikoda 12V ce amma yawanci 1A ce ko 2A, ka jona ta ƙwan ya ɗan yi ja kamar garwashi ya mutu, ko ita ta ɗau zafi ta fara wari. Cajar waya 5V ce, babu maganarta. Cajar laftof kuma yawanci 19V take bayarwa, in ta iya kunnawa za ka ga haske fari tas kana murna, ba a jima ba zare ya tsinke.

Akwai kuma wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa, ko ma ba su sani ba. Zaren ƙwan halojin, irin su H4 da H7 ɗin nan, in yana sanyi, a daidai lokacin da ka kunna yana fizgar wuta kusan ninki goma na abin da yake ci in ya yi zafi, na ɗan ƙanƙanin lokaci ne amma ya isa ya ruɗa fawa saflai, wato akwatin da ke mayar da wutar gida 12V, ta ɗauka waya ce ta haɗu, sai ta yanke, ta sake gwadawa, ta yanke, kai kuma kana ganin fitila tana ƙyaf-ƙyaf ka ce an sayar maka da jabu. Shi yasa ni 12V 5A ba na ba kowa shawarar ya saya duk da lissafi ya ce ta yi daidai. Ka nemi 12V 10A, irin akwatin ƙarfen nan mai huji-huji da masu haɗa kyamarar tsaro suke sawa, 120W kenan, ana samu a shagunan kayan wuta na Kasuwar Gumi da kewaye. Ba ta kai taransifoma nauyi ba, kuma ko wuta ta ɗan yi ƙasa ita dai 12V ɗinta take bayarwa. Yawancinsu da ɗan sukuru a gefe na daidaita ƙarfin wuta, za ka iya ɗagawa zuwa wajen 13V haske ya ƙaru, ai a mota ma in inji na aiki wajen 14V batir yake samu, sai dai a 12V ƙwan ya fi daɗewa. Aibinta biyu: inda ake ɗaura wayoyin wutar gida, L da N, a buɗe yake, yaro ya sa yatsa an shiga uku, dole a sa ta a akwati mai iska, sannan masu arhar cikinsu 10A ɗin a takarda kawai yake. Ka ɗaga ta a hannu, in ka ji ta sakayau kamar gwangwanin madara ajiye ta.

Taransifoma ta ƙarfe da jan waya, mai sauke 230 zuwa 12, ita ce tsohuwar hanya kuma wallahi har yanzu ina ganin girmanta. Zaren halojin ba ruwanshi da ko AC ce irin ta soket ko DC irin ta batir, zafi kawai yake so ya yi, saboda haka ba sai ka sa mata komai a gaba ba, kuma wannan fizgar ta farko ko a jikinta. Mai 100VA, wajen 100W kenan, ta isa ƙwai ɗaya har da rara. Tana da nauyi, tana ɗumi, wani lokacin tana ɗan gurnani da dare, kuma duk yadda wuta ta zo haka za ta miƙa maka, ranar da aka kawo rabin wuta fitilarka ko rabin haskenta ba za ta yi ba. In za ka ciro ta daga tsohon UPS ko sitabilaiza a Panteka kar ka yarda da baki, a sa mita a auna a gabanka, dan ba duka ne 12V suke fitarwa ba.

Mai ƙaramin aljihu kuma ya nemi fawa saflai ta tsohuwar kwamfutar tebur, 'yar beljiyam. Wayoyin rawaya 12V ne, baƙaƙe su ne nagatif, sai ka haɗa koriyar waya da baƙa guda ɗaya ta tashi. Ƙarfi kam akwai, duba takardar gefe za ka ga amfiya nawa aka rubuta ƙarƙashin +12V. Ka murɗe rawaya biyu ko uku wuri ɗaya dan guda ɗaya siririya ce. Wasu tsofaffin suna gardama sai an rataya musu wani ɗan kaya a layin 5V kafin su tsaya daidai, ga fanka tana zuƙar ƙurar hunturu. Kuma kar ka buɗe cikinta ko an cire daga soket, akwai kafasito da ke riƙe wuta.

Duk waɗannan fa in aka ɗauke wuta sun daina aiki. Shi yasa wasu ke haɗa batir da caja, fitila ta ci daga batir, caja ta cika shi in wuta ta dawo. Batirin mota mai 60Ah, in ba ka so ka kashe shi rabi kawai za ka ci, wajen awa 6 kenan da ƙwai ɗaya, kuma shi dan tada inji aka yi shi ba dan a riƙa tatsarsa kullum ba. Kar a yi cajinsa a ɗakin kwana a rufe, yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Cajar zamani ita kaɗai ba batir ba za ta ma kunna ba, sai ta ji batir tukuna.

In batir za ka bi, gara ka canza ƙwan zuwa LED mai gindin H4, bai kai halojin cin wuta ba, amma shi DC yake so, taransifoma zalla ba tasa ba ce, kuma wat ɗin da ake rubutawa a kwalinsu ka ɗauke shi kamar kirarin maroƙi. Mai zenon kuwa, wanda ke da ɗan akwati a bayansa, dubban bolt yake bugawa wajen tashi, bar wa rewaya kayansa.

Gaskiya in hasken ɗaki kawai kake so wannan duk wahala ce, a ma'aunin haske H7 wajen lumen 1500 yake bayarwa a 55W, gulob ɗin LED na gida mai 15W ya kusa kamo shi. Amfanin fitilar mota shi ne madubin cikinta da ke harba haske nesa, ƙofar gida, gareji, bakin shago.

Shi dai maƙocin nawa 10A muka saya masa, da fiyus na mota 10A a wayar fositif, da waya 2.5mm dan 12V tana raguwa a doguwar siririyar waya, da soket ɗin ƙwai na tangaran saboda na roba yana narkewa. Zare ɗaya muka jona, in ka kunna biyun tare 115W kenan ƙwan ba zai kai labari ba. Na hana shi taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya ƙone, shi kuwa hannunsa kullum cikin bota da mai yake. Sai da muka karkatar da ita ƙasa ma, dan daren farko masu babur da ke shigowa layin suka yi ta mita wai tana kashe musu ido.