Ina Ya Kamata Mai Bincike Ya Sayi Hotunan Tarihin Ƙwallon Kwandon Mata a Jami'o'in Amurka?

Duk wanda ya ƙudura niyyar bin diddigin tarihin ƙwallon kwando na mata a kwalejoji da jami'o'in Amurka ta hanyar tsofaffin hotuna zai tarar da masu sayarwa da yawa, kuma kuɗinsa na iya ƙarewa kafin ya samu abin da zai kafa hujja da shi. Darajar hoto a wajen mai bincike tana cikin bayanin da ke tare da shi, wato sunan makaranta, da shekara, da wanda ya ɗauka, kuma da wannan ma'auni na auna hanyoyin da zan ambata.

Ya kamata mai saye ya fara tantance zamanin da yake nema. James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891, malamar motsa jiki Senda Berenson ta shigar da shi Kwalejin Smith ta mata a 1892, sannan a Afrilun 1896 Stanford ta doke Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley da ci 2 da 1 a wasan farko tsakanin jami'o'i biyu, wanda aka hana maza kallo. Hotunan wannan zamani galibinsu na jeruwa ne, 'yan wasa sun zauna cikin dogayen tufafi, ɗaya ta riƙe ƙwallo da aka rubuta shekara a jikinta da farin fenti. Hotunan da aka ɗauka ana tsakiyar wasa sun fi yawa bayan 1971, lokacin da aka koma tsarin mutum biyar a kowane ɓangare, da kuma bayan dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya.

Ga zamanin farko, ban ga dalilin da zai sa a fara da biyan kuɗi ba. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya dubban hotuna a intanet kyauta, da yawa cikinsu ana iya sauke su da girman da ya isa bugawa a littafi, kuma kundinsa na tsofaffin jaridu mai suna Chronicling America shi ma kyauta ne. Littattafan da ɗalibai ke fitarwa a ƙarshen kowace shekarar karatu, waɗanda laburaren intanet na Internet Archive ya tara masu yawa, sun fi komai amfani a ganina, domin a nan ne ake samun sunayen 'yan wasa a ƙarƙashin hoto da sakamakon wasanninsu. Aibinsu kawai shi ne hoton yakan fito da ɗigo-ɗigo idan an faɗaɗa shi.

Idan ana son hoto mai kaifi, sai a rubuta wa sashen adana kayan tarihi na makarantar da abin ya shafa. Kwalejin Smith na riƙe da takardun Berenson, Jami'ar Maryland kuma na riƙe da kundin AIAW, ƙungiyar da ta shirya gasar mata ta ƙasa kafin NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta fara tata a 1982. Irin waɗannan wurare sukan caji kuɗin kwafe hoto, wani lokaci da kuɗin izinin bugawa daban, kuma amsa na iya ɗaukar makonni. Duk da haka nan ne zan kai kuɗina, saboda ma'aikacin da ya san akwatin da hoton ya fito yana iya gyara kuskuren shekara ko na suna, abin da ɗan kasuwa ba zai yi ba.

Kamfanoni irin su Getty Images da Alamy da sashen hotuna na kamfanin dillancin labarai na AP sun fi dacewa da zamanin da ya biyo baya, misali nasarorin Kwalejin Immaculata daga 1972 zuwa 1974, ko na Jami'ar Delta State da tauraruwarta Lusia Harris daga 1975 zuwa 1977. Abin da suke sayarwa lasisi ne na amfani, da kuɗin waje ake biya, kuma tsadarsa ta yi wa ɗalibi yawa.

Saura sayen hoton asali a kasuwar intanet ta eBay, inda ake samun katunan wasiƙa masu hoto da tsofaffin hotunan jaridu. A nemi mai sayarwa ya nuna bayan hoton kafin a biya, domin hatimin jarida ko takardar bayani da aka manna su ne shaida, kuma katin da aka raba bayansa biyu, gefen saƙo da gefen adireshi, bai girmi 1907 ba a Amurka. Da yawa cikin waɗanda ake cewa na jami'a ne, na makarantar sakandare ne. A sani kuma cewa mallakar takardar hoto ba ta ba mutum haƙƙin bugawa.

Akwai giɓin da ya dame ni, wato ƙungiyoyin kwalejojin baƙaƙen fata irin su Bennett da Tuskegee, waɗanda manyan kamfanonin hoto ba su cika ɗauka ba. Mai neman su zai fi dacewa a jaridun Pittsburgh Courier da Chicago Defender, waɗanda ke cikin kundin intanet na kamfanin ProQuest, kuma kafin ya biya kuɗin shiga, ya tambayi laburaren jami'arsa ko laburaren ya riga ya yi rajista.