Tukunyar sannu-sannu da cilin adas: ranar da ta ba ni kunya a gaban Hajiya

Wata uku ke nan da na sayi tukunyar lantarkin nan mai dahuwa a hankali, wadda a nan Amurka ko wane kamfani ya ƙera ta Crock-Pot suke ce mata, kamar dai yadda a gida kowane dunƙule Maggi ne. Tawa ba ta wannan kamfanin ba ce, ta wani ƙaramin kamfani ce na ɗauka a rangwamen ƙarshen Nuwamba, mai cin lita 5 da rabi da ɗan wani abu, baƙin tangaram a ciki da murfin gilas. Tun satin farko na so in rubuta sharhina amma lokacin raina a ɓace yake, da na rubuta wallahi tauraro ɗaya zan ba ta, shi ma don babu yadda za a ba da sifili.

Ni aikin safe nake yi a gidan kula da tsofaffi a nan Columbus, 6 da rabi na bar gida, kuma kwana uku a sati daga wurin aiki makaranta nake zarcewa, ba na shigowa sai bayan magariba, a Disamba kuwa 5 da 'yan mintuna rana ta faɗi. Ki shigo ƙafa ta kumbura, ƙanƙara a takalmi, yara biyu na kallon hannunki, sannan ne za ki fara yanka albasa. Ga kuma nama. Duk wadda take nan ta san yadda naman halal ya koma, ki shiga shagon 'yan Somaliya ki ɗauki ɗan ƙullin naman akuya da bai wuce miya biyu ba, a faɗa miki kuɗin ki ji kamar ki mayar da shi. Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana daga Zariya, ita kuma likita ya ce ta rage jan nama da gishiri saboda hawan jini. Shi ne wata abokiyar aikina ta ce in sayi tukunyar in dinga yin cili na adas, ba nama, ba tsayuwa a kicin, wai ki zuba da asuba ki dawo ki tarar da abinci.

Adas dai shi ne ɗan waken nan falle-falle kamar ƙwayar magani, duk wadda ta yi umarar azumi ta sha shurbarsa a Makka ko Madina, kuma shi ne aka ambata tare da albasa a aya ta 61 ta Suratul Baƙara. Ba ya son jiƙo, ki tsince ki ɗauraye kawai, a kan murhu minti 25 zuwa 30 ya nuna. Cili kuma miya ce mai kauri ta mutanen Texas, asalinta nama ne da barkono da kumin, har a 1977 suka mai da ita abincin jiharsu a hukumance, kuma su ko wake ba su yarda a sa ba balle a ce babu nama. A nan Ohio kuwa mutanen Cincinnati a kan taliya suke zuba tasu har da kirfa, don haka ban ga wanda zai hana ni yin tawa da adas ba.

To ga abin da ya faru.

A cikin kwalin akwai wani ɗan littafin girke-girke, kuma akwai cilin adas a ciki, na bi shi layi-layi don ban san halin tukunyar ba. Fam 1 (ɗan ƙasa da rabin kilo) na adas ruwan ƙasa, babban gwangwanin tumatir, ƙaramin gwangwanin tumatirin manna, albasa, tafarnuwa, tattasai, karas, garin kumin, garin barkono, ruwa kofi 4, da cokali 2 na binega, ruwan tsamin nan na kwalba. Aka rubuta a zuba komai lokaci guda, a murɗa zuwa ƙaramar wuta, awa 8. Ƙarfe 6 na safe na yi hakan, na dafa farar shinkafa na ajiye a kula, na je na durƙusa na ce Hajiya in kin idar da azahar wajen ƙarfe 2 ki buɗe kawai ki zuba, ya nuna. Har ina jin daɗi a raina, yau tsohuwa za ta ci abinci mai zafi ba sai ta yi fama da maikurowef ɗin da take tsoro ba.

Na shigo wajen 6 da kwata na yamma, tun daga matakala ƙamshi ya tare ni, na ce Alhamdulillahi. Na tarar da Hajiya a kan sallaya da carbinta, shinkafa na nan yadda na bar ta ko cokali ba a sa ba, kofin shayi ɗaya a sink da ɓurɓushin burodi a faranti. Na gaishe ta na ce Hajiya ba ki ci abinci ba? Ta ce Alhamdulillahi 'yar nan, na sha shayi, ki je ki huta kin kwaso gajiya. Na buɗe tukunya na ɗebo a cokali na kai baki, garas-garas, kamar an zuba tsakuwa a ruwan tumatir, ruwa tsululu a sama, adas a ƙasa kowane ɗaya da idonsa. Awa 12 fa a kan wuta. Abin da minti 30 ke dafawa a tukunyar gargajiya.

Wallahi a tsaye nake amma ji na yi ƙafata ta saki. Matar nan ta haura shekara 70, tana shan magani, ta baro gidanta da jikokinta ta zo ƙasar da ko ƙofa ba ta iya leƙawa saboda sanyi, na bar ta wuni guda da shayi da burodi. Kuma wayata na hannuna duk ranar, amma kara irin tasu ba za ta bar ta ta kira surukarta a wurin aiki ta ce abinci bai nuna ba. Ashe ƙarfe 2 ta buɗe ta ɗanɗana ta rufe, ƙarfe 3 ta sake, bayan la'asar ta sake, tana juyawa da ludayi kamar yadda kowace mace za ta yi, ita kuma wannan tukunyar duk buɗewa ɗaya zafinta ke tafiya, sai ta ɗauki kusan minti 20 kafin ta dawo inda take. Yaran babansu ya ɗauko su ya ba su konfilas. Shi bai ce min komai ba, kuma shirun nan ya fi min ciwo a kan ya yi magana. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito.

Hajiya ce ta biyo ni kicin tana dafa bango, ta ce me kika fara zubawa? Na ce duka tare na zuba Hajiya, haka aka rubuta. Ta ce har da tumatirin? Na ce har da shi, da wani ruwan tsami ma. Ta girgiza kai ta ce ai tsami ba ya barin wake ya nuna, ko a gida yaushe kika ga an zuba ɗanyen wake cikin kayan miya babu kanwa? Abin da na sani tun ina 'yar shekara 12 a gindin murhun Innarmu, amma don na gan shi a rubuce da Turanci da hoto mai kyau sai na ajiye sanina a gefe. Ta aiki babbar 'yata ta ɗauko mata jakarta, ta kwance wani ƙullin leda, kanwa ce ungurnu ta taho da ita tun daga Zariya tare da kuka da daddawa. Ta ɓalli 'yar mitsitsiya ta jiƙa a kofi, muka juye komai a tukunyar ƙarfe muka ɗora a murhu, ta tsiyaya ruwan kanwar, ta marmasa daddawa guda ta jefa. Minti 20 adas ya saki jiki, ruwan ya kama kansa, launin ya koma ja mai duhu. Sai wajen 7 da rabi ta ci abincin ranarta, ta ce ai wannan faten wake ne ya yi ƙaura.

Sati biyu ban ƙara kallon tukunyar ba, har na nemo rasit zan mayar, maigida ne ya ce in sake gwadawa sau ɗaya ranar Asabar da nake gida.

Yanzu ga yadda nake yi kuma bai ƙara ba ni kunya ba. Da daddare nake soya albasa da tafarnuwa da citta da kumin da garin tattasai a ɗan mai, minti 5 ne, in sa a firji, don in kika zuba su ɗanye miyar salam take fitowa kamar ba a sa mata hannu ba. Da asuba in zuba adas da karas da dankalin Hausa yankan kanana da soyayyen kayan nan da daddawa da attaruhu guda ban fasa shi ba, ruwa ya ɗan haura kansu, tumatir ko ɗigo. Sai na dawo nake zuba tumatirin, wanda shi ma na riga na soya, in murɗa babbar wuta minti 30 kafin in yi wanka in yi sallah ya haɗe. Lemon tsami a faranti kowa ke matsa nasa. Ranar da na san ba zan samu wannan rabin awar ba sai in haɗa duka da safe in sa ɗan ruwan kanwa, ko bekin soda bakin ƙaramin cokali, amma kada ki cika, in ya yi yawa ɗanɗanon sabulu yake yi. Kuma ruwan ƙasa ko kore za ki saya, jan adas narkewa yake ya koma kunu, ni ina watsa hannu ɗaya nasa ne kawai don kauri.

A nan kam gaskiya ta burge ni. Maigidana mutum ne da in bai ga tsoka a faranti ba cewa yake bai ci abinci ba, ranar Asabar ɗin nan sai da ya ƙara sau biyu, sai da yana wanke hannu ya ce wai naman niƙawa kika yi ne ban gan shi ba? Tukunya guda tana kai mu kwana biyu mu biyar har in ɗibi na wurin aiki, kuma duk kayan da ke cikinta ba su kai kuɗin fam ɗaya na naman akuya ba. Yana riƙe ciki sosai, kofi ɗaya na dafaffen adas furotin ɗinsa ya kai giram 18. In ya kwana ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Yau da shinkafa, gobe da burodi, yaran da taliya suke so irin na mutanen Cincinnati, Hajiya kuma da tuwon shinkafa ta ci ta ce ba laifi. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, ban ga wani canji a bil ba. Abin da ya fi komai a wurina shi ne in buɗe ƙofa da magariba in ji gidana na ƙamshin abinci, in zauna in duba wa yarana aikin makaranta maimakon tsayuwa a kan murhu.

Amma fa ina rubutun nan abin na dawo min. Wanda ya rubuta littafin nan anya ya taɓa dafa abin da ya rubuta? Mutum ya sayi kayanku ya yarda da ku, ku ce ya haɗa ɗanyen adas da tumatir gwangwani biyu da binega ya tafi aiki, babu ko layi ɗaya da ya ce a kula da tsami. Abin da ya fi tayar min da hankali ma daga baya na sani, jan waken nan mai siffar ƙoda da ake yawan sa wa a cili, ɗanyensa yana da guba, dole a jiƙa shi a tafasa shi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 a kan murhu kafin ya shiga wannan tukunyar, don zafinta a ƙaramar wuta ba lallai ya kashe gubar ba, amai da gudawa yake sawa. Na gwangwani ba matsala don dafaffe ne. A nawa littafin ban ga wannan gargaɗin ba, da a ce ranar nan na watsa hannu ɗaya na busasshensa Hajiya ta yi ta ɗanɗanawa fa? Ina tunawa tsigar jikina na tashi.

Ita kanta tukunyar ba ta da fitilar da za ta nuna miki tana aiki, sai kin tsaya kin dafa gefenta kin ji ɗumi, ni kuwa da asuba sauri nake. Wayarta gajeriya ce ko kamu biyu ba ta kai ba, dole na kwashe kayan shayi daga gindin soket. Marikin murfin tun wata na biyu ya fara girgiɗi, duk sati sai na ɗaure shi da bakin wuƙa. Tangaram ɗin nauyi kamar turmi, wankinsa a ƙaramin sink aiki ne. Kuma ruwa ba ya ƙonewa a cikinta sam, tururin murfi komawa yake ciki, in kika zuba ruwa irin na tukunyar murhu romo za ki tarar. Da na fara rubutun nan tauraro 4 ne a raina, yanzu kam 3 zan ba ta, guda na cire shi saboda wunin da Hajiya ta yi da shayi, kuma ba zan mayar ba.

Ƙanwata da ke Kano ta ga hoton a waya ta dame ni in ba Hajiya ta taho mata da irinta. Na ce a'a. Ta nan wutar 120 take ci, ta gida kuwa 230 ce, kina jonawa ba tiransifoma ta ƙone, sannan abin da ke son awa 8 a jere ba ɗaukewa, in aka ɗauke wuta a awa na uku kina wurin aiki abincin zai zauna da ɗumi-ɗumi ya lalace, sai dai mai sola mai ƙarfi. Na ce ta dafa wakenta a murhu da kanwarta ta sa kumin da daddawa, ɗanɗanon zai zo kusa.

Hajiya wata mai zuwa za ta koma. Ta bar min rabin ƙullin kanwar a kan firji. Adas ɗin ta ce a sa mata fam 4 a akwati za ta yi wa Alhaji a azumi, tukunyar kuwa ta ce a bar min kayata.