Amitraz a jikin kare: yana kakkaɓe kaska, amma sai da sirinji a hannu

Duk mai ajiye kare a ƙauyukanmu, na gadin gona ne ko na farauta ko mai bin shanu, ya san lokacin da kaska ke cin karenta ba babbaka: daga saukar ruwan farko har kaka. Ka ɗaga kunnen kare ka tarar da su jere a gefen fata kamar an shuka, ƙanana jajaye masu yawo, da manya masu ruwan toka da suka sha jini suka kumbura kamar ƙwayar wake. Duba tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya, gindin jela, duk suna nan.

Wannan sharhi a kan amitraz ne mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, ruwan maganin nan da ake wanke shanu da tumaki da shi. Mutane da yawa sun fi saninsa da sunan Taktic, amma kamfanoni da dama na yin sa da sunaye daban-daban. Ana samunsa a shagunan maganin dabbobi, da wajen masu kasa magani a manyan kasuwannin dabbobi irin su Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi. Damina biyu na yi ina amfani da shi a kan manyan karnuka 'yan gida masu gajeren gashi. Hukuncina: magani ne mai aiki, mai arha idan aka yi lissafin wanka nawa kwalba ɗaya ke yi, kuma zan sake saya. Sai dai bai san wasa ba, kuma ba kowane kare ake wa shi ba.

Awon shi ne komai. A kowane mililita ɗaya na wannan ruwa akwai miligiram 125 na magani. Don kaskar kare, mililita 2 ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa. Kare mai kilo 15 zuwa 20, lita 5 ta ishe shi, wato mililita 10 na magani ke nan. Kwalbar mililita 100 za ta ba ka lita 50, wanka goma. Idan takardar kwalbar da ka saya ta nuna ƙarfin da ba 12.5 ba, wannan lissafi ya rushe, sai ka bi abin da ke rubuce a jikinta ko ka nuna wa likitan dabbobi.

Matsalar ita ce a kasuwa da murfi ake koyar da awo. "Zuba murfi biyu a bokiti." Wane murfi, wane bokiti? Murfin ƙaramar kwalba daban, na babba daban. Bokitin wani lita 8 ne, na wani 15. Nan ake samun kare biyu, magani ɗaya, ɗaya kaska ba ta ko motsa ba, ɗaya yana kwance yana dalalar da miyau. Sayi sirinji mai mililita 10, cire allurar, ajiye shi don wannan aiki kaɗai. Ruwan kuma a auna shi da gorar roba mai lita ɗaya da rabi: uku da sulusi sun ba ka lita 5. Ya zama ruwan rijiya ko na tuƙa-tuƙa mai kyau, ban da na kududdufi, don laka na rage wa maganin ƙarfi.

Da ka ɗiga shi a ruwa zai yi fari fat kamar madara, da wani wari mai hawa kai irin na fenti. Wannan farin ne shaidar farko cewa maganin bai lalace ba. Idan ka ga ya tsaya yana yawo a sama kamar mai, ko ya yi gudaji a gindin kwalba, kada ka sa wa dabba. Na taɓa cin karo da kwalba irin wannan, ta sha rana a kan teburin mai saidawa har takardar ta koɗe, ga kwanan lalacewa an kankare. Amitraz idan ya tsufa ko ya sha zafi ba rauni kawai yake yi ba, rikiɗewa yake zuwa abin da ya fi shi guba. Duba lambar NAFDAC, duba kwanan wata, duba ko an taɓa buɗe murfin. Wanda ka haɗa da ruwa kuma, ranar ake ƙarar da shi. Ba a ajiye ragowa zuwa mako mai zuwa.

Ga yadda wankan ke tafiya daidai. Idan karen ya yi dauɗa, a fara wanke shi da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye, a bari ya bushe, domin jiƙaƙƙen gashi yana ƙara tsarma maganin. A ɗaure shi gajere a inuwa inda iska ke kaɗawa, a sa masa takunkumi da tsumma mai laushi don kada ya lashi jikinsa. Mai wankan ya sa safar hannu ta roba, in babu ya zura hannu a leda biyu ya ɗaure a wuyan hannu. A tsoma soso a bi jikin daga wuya zuwa jela, ana shafawa saɓanin kwanciyar gashi har ruwan ya taɓa fata. Ƙafafu a tsoma su ɗaya bayan ɗaya cikin roba na kamar minti guda. Fuska da kunne, matse tsumma za a yi a goga, kada ruwan ya shiga ido ko ramin kunne. Sannan abin da kusan kowa ke kuskurewa: ba a ɗaurayewa, ba a gogewa. A bar shi ya bushe a jikinsa, takunkumin na nan har gashin ya bushe ƙarau. A hana shi shiga ruwa ko dukan ruwan sama aƙalla kwana guda, yara kuma kada su taɓa shi sai ya bushe.

Lokaci ma na da muhimmanci. Maganin na saukar da zafin jikin kare, don haka da hunturu kada a yi shi da sassafe ko da magariba, a bari sai hantsi ya ɗaga. Da bazara kuma a guji tsakar rana.

Abin da ya burge ni da shi shi ne yadda yake sa kaska ta saki da kanta. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga manyan sun zare baki suna faɗowa, wasu na tafiya a karkace kamar masu maye. Washegari kunnen da ke cike jiya sai 'yan tabo. Ba sai ka zauna kana fizga ba, fizgar da ke barin kan kaska a fata ya zama ƙurji. A share waɗanda suka faɗi a ƙone, ko a zuba su a gwangwani mai ɗan kananzir. Kada a murje su da yatsa.

Inda mutane ke yanke masa hukuncin zalunci shi ne bayan kwana goma, in sun ga kaska ta dawo. Sai a ce jabu ne. Wani lokaci jabun ne, amma galibi laifin makwancin kare ne. Kaskar kare ba a jikinsa take rayuwa ba, zuwa take ta sha jini ta sauka, sau uku a rayuwarta. Macen da ta ƙoshi takan faɗi ta shige tsagar katangar laka ko ƙarƙashin tsohon buhu ta zuba ƙwai dubbai, su ƙyanƙyashe bayan 'yan makonni. Waɗanda ba su samu jini ba suna iya yin watanni a maƙale suna jira. Ka haska tocila a bangon da kare ke jingina da dare, za ka gan su suna hawa sama a jere. Wanda ya wanke kare ya mai da shi wannan wuri ya yi aikin baban giwa. Ragowar ruwan wankan a fesa shi a tsagogin bango da ƙasan wurin, a ƙone tsohon buhun, a yaɓe tsagogin da sabuwar laka. Idan da famfon feshi za a yi, kada ya zama wanda aka yi feshin maganin ciyawa da shi. A maimaita wankan bayan kwana 14, kuma duk karnukan gidan rana ɗaya. Da damina, a wurin da ake cuɗanya da shanu, haka za a ci gaba duk mako biyu.

Ba ya yi wa ƙuma wani abin kirki, kuma ba ruwansa da tsutsar ciki. Yana taimakawa a kan ƙazuwar da ke cinye gashin kare, amma wannan aiki ne na makonni, wani lokaci da awo mai ƙarfi, sai da likita.

Yanzu waɗanda ba a yi wa shi. Kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba, a'a. Karya mai ciki ko mai shayarwa, a'a. Karen da ya rame, ko mai zazzaɓi, ko mai buɗaɗɗen rauni irin na dawowa daga farauta, a jira ya warware. Kyanwa, ko kusa. Doki da jaki kuwa, amitraz na tsayar musu da hanji har ya kai ga mutuwa, don haka ko wurin da aka yi wankan kada a ɗaure jaki sai ya bushe, bokitin ma kada a shayar da shi a ciki. Mutum mai ciwon suga da mace mai juna biyu su bar wa wani aikin, don maganin na shiga ta fata kuma yana ɗaga sugan jini. Ragowar ruwa kada a zubar kusa da rijiya ko tafki, yana kashe kifi.

To 'yan kwikwiyo fa, tunda su kaska ta fi saurin ƙarar wa jini? Hannu da haƙuri. A kama kaskar da hantsaki daf da fata a ja a hankali, kai tsaye, kullum safe da yamma, a kuma canza musu makwanci. Wanda ya samu feshin fipronil na karnuka, shi an yarda a yi wa ƙananan kwikwiyo bisa awon nauyinsu, sai dai ya fi tsada kuma sai an shiga birni. Akwai kuma ƙwayoyin da kare ke taunawa su tsare shi wata biyu zuwa uku, irin su Bravecto. Sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma kuɗinsu ba na mai kare huɗu a ƙauye ba ne.

Ko da an yi awo daidai, wasu karnuka kan yi kasala da yawan barci na yini ɗaya ko biyu. Wannan sananne ne, yana wucewa. Abin tsoro shi ne kare ya kasa tsayuwa, yana tangaɗi, kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi, bugun zuciya ya ragu, ciki ya kumbura, ko yana amai. Nan take a wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi sau biyu ko uku, a goge, a lulluɓe shi, a nufi asibitin dabbobi da kwalbar a hannu. Kwalbar na da amfani domin makarin amitraz daban ne, atipamezole ko yohimbine, ba atropine ɗin da aka saba yi wa dabbar da ta sha fiya-fiya ba. Ɗura manja ko madara da aka saba yi, a bar shi. Karen da ke layi ba ya haɗiya daidai, sai abin ya bi ta huhu a samu ciwo biyu.

Duk da wannan jerin gargaɗi, ya fi abubuwan da ake shafa wa karnuka a karkara aminci ƙwarai. Baƙin mai da kananzir suna ƙona fata, kare ya lashe su su taɓa masa ciki. Fiya-fiya kuwa guba ce tsagwaronta, ta kashe karnuka masu yawa da sunan maganin kaska. Allurar ivermectin ta shanu ma da ake yawan yi, aikinta a kan kaska bai kai na amitraz ba, ga awonta siriri: mai kashi 1 cikin ɗari, kare mai kilo 15 abin da ake ba shi bai wuce kusan sulusin mililita ba. Masu cika sirinji su danna wa kwikwiyo su ne ke ganin makanta da karkarwa.

Abu ɗaya da wankan ba zai gyara ba shi ne cutar da kaska ta riga ta zuba a jini. Bayan kaska ta faɗi, ɗaga leɓen karen ka duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne. Idan ya yi fari ko ruwan ɗorawa, kare ya ƙi abinci, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko hanci na haɓo, wannan zazzaɓin kaska ne, allura da ƙwayoyi yake so daga likita. Kada a ɗauko Berenil, allurar sammore ta shanu, a yi masa da ka, domin a jikin kare tazarar da ke tsakanin awon warkarwa da na kisa kaɗan ce. In an je asibitin, a tambayi allurar rigakafin haukan kare gaba ɗaya, wadda ake fara yi daga wata uku a kuma sabunta duk shekara, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu.

Ajiyar kwalbar: a rufe ta gam, a ɗora a sama cikin ɗaki mai sanyi inda rana ba ta kaiwa, nesa da hatsi. Kada a juye maganin a kwalbar lemo, kada kuma a bar haɗaɗɗen a kwano ko ƙwarya ko na minti biyar ne. Fari ne kamar nono, yaro ba zai bambance ba. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ɗaurayen cikin ruwan feshin bango, a huda gindinta a binne.