Baibul na sauraro mai caji da rana da na saya wa Mama, ga abin da na gani

'Yan'uwa masu tambaya ta ko wannan ƙaramar na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki ta cancanci kuɗinta, amsa a taƙaice ita ce eh ta cancanta, amma bari in faɗi dalili da kuma inda ta gaza. Na saye ta ne a wani shagon littattafan Kirista a Jos saboda Mama, idonta ya yi rauni, ƙananan rubutu sun gagare ta, kuma ita mutum ce da ba ta fara yini ba tare da bimbini ba. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, akwai sola a bayanta, ka ajiye ta a rana da safe kafin yamma ta ɗauki caji, babu ruwanka da NEPA babu ruwanka da data, kuma Tsohon Alkawari da Sabo duk suna ciki da Hausa.

Abin da ya fi taɓa ni kam shi ne yadda sauraro ya canja yadda muke fahimtar tanadin Allah a gidan. Mu da muke karatu mun saba tsinto aya ɗaya, Romawa 8:28 ko Filibiyawa 4:19, mu haddace mu wuce. Ita na'urar ba ta san tsinto ba, in ka kunna labarin Yusufu daga Farawa 37 haka za ta tafi da kai har sura 50, rami, bauta a gidan Fotifar, sharrin matar maigida, kurkuku, mai shayarwar Fir'auna ya manta da shi shekara biyu cur, sai can ƙarshe ka ji yana gaya wa 'yan'uwansa cewa su mugunta suka nufa amma Allah ya nufe shi da alheri. In ka zauna ka ji duk wahalar nan da kunnenka kafin maganar ta zo, nauyinta daban ne gaskiya. Yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, toh wa zai ce maka tanadin Ubangiji abu ne na yau-yau?

Mama kuma littafin Rut ne nata, tana maimaita shi har jikoki sun haddace. Ta ce ita abin da ke burge ta babu wata mu'ujiza a ciki, teku bai rabu ba, manna ba ta sauko ba, gwauruwa ce kawai ta fita kalar sha'ir da zafin rana, ƙafarta ta kai ta gonar Bo'aza, shi ke nan, kuma daga nan zuriyar Dawuda ta fito. Mama ma gwauruwa ce, da sayar da ƙosai da noman ɗan fili ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, don haka in tana sauraro tana girgiza kai na san ba labarin wasu take ji ba. Shekarar da taki ya yi tsada muka rasa yadda za mu yi, zumuntar mata ce suka haɗa mata buhu ba tare da ta roƙa ba, har yau in an zo wurin Iliya da gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, garin da bai ƙare ba da man da bai ƙafe ba, sai ta ce a tsayar tukuna ta yi addu'a.

Inda na'urar ta ba ni haushi shi ne neman wuri. Babu sikirin, maɓallai ne kawai, kana iya tsallaka littafi ko sura amma ba aya ba, in kana son Matiyu 6 wurin tsuntsaye da furannin jeji daga aya 25, dole ka saurari addu'ar Ubangiji da maganar azumi duka kafin ka iso, wani lokaci hakan alheri ne amma in fasto ya ba da aya a coci kana son dubawa da sauri ba za ta yi maka ba. Mai karatun ma yana ɗan sauri a Zabura, ni kuwa Zabura 23 so nake a ja ta a hankali a bar mutum ya numfasa. Da damina in hadari ya rufe rana cajin yana ja da baya, gara ka karɓi mai wurin sa caja. Muryar tana fita sosai a ɗaki, a gona kuma sai ka kusanto da ita.

In za ku saya wa tsoho ku tambayi mai shago wace fassara ce a ciki, ku sa ya kunna muku a wurin ku ji, domin dattawan da suka taso da tsohuwar Hausar 1932 wasu kalmomin sabuwar fassara suna yi musu baƙunta. Ku zauna da su yini na farko ku nuna musu maɓallan, ni jan farce na shafa wa maɓallin kunnawa don Mama ta riƙa gane shi.